Mudu Biyu a Lasifika

Abubuwan da na kusa rasawa a waccan kakar uku ne. Na farko, gidaje goma sha huɗu na manoman ƙauyen Kusasu, waɗanda suke kawo mini masararsu kai tsaye ba tare da sun tsaya neman tayi a wata rumfa ba. Na biyu, rumfata da ke layin gaba, daidai inda manyan motoci ke tsayawa lodi, wadda shugaban 'yan hatsi yake da ikon karɓewa in an kama mutum da ha'inci a awo. Na uku, sunana, wanda na shekara ashirin da biyu ina ginawa tun ina ɗaukar buhun wasu a ka. Duka ukun a kan kwano ɗaya suke zaune, mudun da nake saye da shi.

Gara in faɗi yadda mudun yake tun yanzu, kada a ce na ɓoye. Ina da mudu biyu, na saye da na sayarwa, kuma ba ni na fara wannan ba, haka na tarar a wurin wanda ya koya mini sana'a. A ido ba ka raba su. Amma na sayen an kai shi maƙera an ɗan bubbuga cikinsa ya buɗe. Dalili kuwa akwai shi. Masara in ta shiga sito tana raguwa, ga ƙwaro, ga wadda ake kawowa ba ta gama bushewa ba. Manoma sun san da wannan, sun kuma yarda da shi daidai gwargwado. Nawa ne ya wuce gwargwado. A shekarun da daji ya ɗauki zafi, 'yan bindiga suka hana noma, dillalai da yawa suka tattara suka koma Kaduna, ni na zauna. Mutum zai yi kasadar ransa ya noma 'yar gona kusa da gari, ya kawo kasuwa, ba mai saye sai ni da wasu biyu. A lokacin na mayar da mudun wurin maƙeri karo na biyu. Na gaya wa kaina hanya ce ta yi tsada, kuma gaskiya ta yi tsada. Amma da hanyar ta yi sauƙi, ban koma an rage masa ciki ba.

Ana tsakiyar kaka wata mata ta zo kasuwarmu. Ba za ta wuce shekara talatin da 'yan kai ba. Takalmin kambas ne a ƙafarta, da jaka a baya, ta ɗora wasu manyan abubuwan sauraro a kan mayafinta, a hannunta kuma sanda ce da wani abu mai gashi a kai kamar kyanwar da ruwa ya daka. Ta tsaya a bakin rumfata ina cikin awo, ta miƙo abin nan kusa da hannuna.

"Sannu da aiki, Alhaji. Don Allah ci gaba, kada ka kula ni."

"Malama, a garin nan wanda ya ce kada a kula shi, shi ake fara kulawa. Me kike ɗauka?"

"Ƙarar masara."

"Masara kawai? Ban da maganar mutane?"

"In mutane sun yi magana ma ɓata mini aiki suke yi."

Ta ce daga Zariya take, zane ta karanta, daga baya ta ajiye fenti ta koma bin sauti. Ta sauka a gidan wata 'yar uwarta malamar makaranta a unguwar Magajin Gari. Abin da take so ta yi, in ji ta, wasa ne, amma ba na kwaikwayo ba, ba kuma waƙa ba. Mutane za su yi aikinsu na kullum a gaban jama'a, mai shara ya yi shara, mai ɗinkin buhu ya yi ɗinki, ita kuma ta jera su ɗaya bayan ɗaya ta fitar da ƙarar a lasifika. Na ce to me za a kalla? Ta ce ba kallo za a yi ba, saurare za a yi. Ta cire abin kunnenta ta miƙo mini.

Na sa. Sai na ji masarata tana sauka kamar ruwan farko a kan rufin kwano, na ji hannun rigata yana goga bakin buhu, har gyaran muryata na ji. Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki ban san haka yake ba. Ban nuna mata komai ba. Na cire na miƙa mata, na ce Allah ya taimaka.

Wanda bai zauna a Birnin Gwari a shekarun nan ba ba zai gane abin da baƙo mai yawan saurare yake nufi a wurinmu ba. Mun ga wanda ya zo sayen gawayi ashe gidaje yake ƙirgawa. Mun ga mai gyaran waya da ya san wanda ya sayar da shanu kafin matar mutumin ta sani. Saboda haka abu uku na zarga. Ko infoma ce ta mutanen daji, ko hukuma ce ta turo ta, ko kuma maƙwabcin rumfata ne, wanda ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan wurina, ya samo wata sabuwar dabara. Na tambayi direban da ya kawo ta, ya ce tun daga Kaduna ba ta yi waya da kowa ba, ƙarar ƙofar motarsa kawai ta yi ta ɗauka har ya ji kunya ya sa wa ƙofar mai. Na sa maiɗakina ta gayyace ta cin abinci ta duba mini ita. Da na dawo na tarar da maiɗakin tana ɗaga kafaɗa.

"Wannan ba infoma ba ce, Alhaji. Mahaukaciya ce mai ladabi. Ta sa ni tankaɗen gari har sau huɗu, wai rariyata tana da murya."

Ban gamsu ba. Infoma mai wayo ai da ladabi yake zuwa. Kwana uku tana zuwa rumfata, safe ina saye, yamma ina sayarwa. Har akwai ranar da na tafi sallar azahar na bar ta zaune a kan buhu, don dai kada a ce na kori mace baƙuwa. A rana ta huɗu na ga dai gara in raba kaina da ita cikin mutunci. Na ce mata, Malama, ƙarar kasuwa ai ƙarshen labari ce. Ki je Kusasu, can ake ɓarar masara, can mata ke sheƙa da bakace. Na haɗa ta da Baba, dattijon da gidajen nan goma sha huɗu suke bi. Inda ya kai masararsa nan suke kai tasu, in ya juya sun juya. Ni da bakina na tura ta, har kuɗin acaɓa na so in biya mata.

Bayan kwana huɗu ta dawo, ta yi baƙi, tana murna. Ta zauna ta miƙo mini abin kunnenta, ta ce in ji wani abu da ta ɗauko. Wata gona ce a bakin daji da aka shekara ba a noma ba. Iska a cikin ciyawa, kurciya, wani tsuntsu da ban san sunansa ba. Sai can nesa ƙarar babura da yawa, suna tahowa a hankali. Ban san lokacin da na fizge abin daga kunnena ba.

"Wannan kada ki sa shi."

"'Yan acaɓa ne fa, Alhaji, 'yan biki suka ɗauko. Da idona na gan su."

"Idonki ya gani, kunnenmu bai gani ba. In kika saki wannan a cikin jama'a, mata za su tattake juna a bakin ƙofa."

Ta dube ni, ta ce za ta cire. Ta kuwa cire, a gabana. Na daɗe ina tuna wannan, domin ya nuna mini in an gaya mata abu kai tsaye tana ji.

Tana mayar da kayanta cikin jaka, sai ta ce, kamar wadda ta tuna da saƙon gishiri, "Alhaji, mudunka biyu ne, ko? Na safe da na yamma muryarsu ba ɗaya ba ce. Ranar da ka tafi sallah na gwada su. Su nake so ka ara mini."

Na duba fuskarta ko zan ga wani abu, ban ga komai ba sai gumi. Abin takaici, daidai lokacin shugaban 'yan hatsi yake wucewa, kuma ita ta riga ta nemi izininsa tun zuwanta. Ya tsaya ya ji.

"Ba ta mana, Alhaji. Kwano ne fa, ba 'yarka aka ce ka bayar ba."

Maƙwabcina kuwa ya daina ɗaure buhun da yake ɗaurewa, ya kasa kunne. Na yi dariya na ce ai ko buhunan take so sai ta kwasa.

Da yamma na je layin masu kwanuka na sayi sabon mudu. Na kai shi gida na goge shi da yashi da toka har ya dusashe, na jefa shi ƙasa sau biyu ya ɗan lotse. Washegari na kai mata shi tare da na sayarwa. Ta sami aron wani tsohon sito a bayan kasuwa, wanda tun shekarun tashin hankali ba a zuba masa ko ƙwaya ba, in ka yi tari sai ya amsa maka. Ta rataye jarkoki biyu da aka yanke gindinsu aka kife, ta cika su da masara, ta toshe bakin kowace da totuwa. Ta liƙa wani ɗan abu kamar maɓallin riga a gindin kowane mudu, da waya zuwa lasifika. Ta ajiye su a ƙarƙashin jarkokin, ta zare totuwar biyu lokaci ɗaya. Masara ta zubo, sito ya ɗauka. Suka cika tare, ta toshe su tare.

"Ba shi ba ne."

"Shi ne mana, Malama."

"Ba shi ba ne, Alhaji. Waɗannan tare suke mutuwa. Wancan yana da wutsiya."

"Wace irin wutsiya?"

"In ɗayan ya cika ya yi shiru, shi yana ci gaba, kamar numfashi uku, shi kaɗai. Kuma muryarsa ta fi kauri. Wasan gaba ɗaya a kan numfashi ukun nan na gina shi. Ko ka manta shi a gida ne? In yana wurin wani sai in roƙi shugaba ya karɓo mini."

Wannan wutsiyar da take so, masarar mutanen Kusasu ce. Ni kaɗai na san haka a sito ɗin, ko kuma mu biyu, har yau ban tabbatar ba. Da babura ne sai in ce ta cire, ta cire. Amma wannan, cewa ta cire shi ne tona kaina.

Na koma rumfa na auna maganar kamar yadda nake auna kowane ciniki. In na hana, za ta koma wurin shugaba, shi kuma zai fara tambayar me ke cikin kwanon nan da ake rowarsa, ga maƙwabcina a gefe yana jira. In na bayar fa? Wa zai zo sauraron kwano? Malaman makaranta, ɗalibai, ma'aikatan sakatariya, mutanen da suke sayen garin tuwo a leda. Manoma da sun sayar suke kama hanya, ba mai yarda la'asar ta same shi a gari. Mudu kuma duk kama ɗaya ne, wa zai ce ga na wane? Na ga bayarwa ta fi arha. Na kai mata shi, da sharaɗin kada ta ambaci sunana. Ta ce ai ba ta ambatar sunan kowa, aiki ne ke magana.

Abu ɗaya ban tambaya ba, wa zai zare totuwar.

An yi wasan ranar kasuwa bayan sallar azahar. Na je da niyyar in tsaya a baya in fita da wuri. Ina shiga na ga sito ya cika, kuma kusan rabinsa mutanen Kusasu ne. Ashe mata shida na ƙauyen suna cikin wasan da faya-fayansu, mazansu da surukansu kuwa ba za su bari a kira matan gidansu gari su zauna ba su zo sun gani ba. An sa lokacin da wuri ne ma don su koma da rana. Shugaba ya hango ni ya yafito ni, ya sa aka ba ni kujera kusa da shi a gaba. Maƙwabcina yana bayanmu.

Da farko dariya aka yi ta yi. Wani ɗan dako ya fito da tsintsiya ya fara share siminti a hankali.

"Yau shara aka kira mu kallo?" in ji wani daga baya.

"A gidansu ba ya yi, sai an sa masa lasifika!"

Amma tsintsiyar tana fita a lasifika kamar iska kafin hadari, sai dariyar ta fara raguwa. Wani ya zauna da basilla yana ɗinke bakin buhu, kowace suka kamar mutum ya ja numfashi ta haƙori. Mai shayi ya ɗaga hannu yana juye ruwan zafi daga kofi zuwa kofi. Aka turo baro mai kukan taya ya zaga sau biyu. Sai matan Kusasu suka fara bakace, ɗaya ta fara, biyu suka shiga, har shida suka haɗu, ba kiɗa ba waƙa, amma na ga kawuna suna kaɗawa. Wata tsohuwa kusa da ni tana share ido da gefen mayafi. Ita malamar tana gefe a tsugune gaban na'urarta, tana ɗaga yatsa in lokacin wani ya yi. Ba zan yi ƙarya ba, na ɗan manta da abin da ya kawo ni.

Sai ta sauke hannu, kowa ya tsaya cak. Aka ɗauko mudu biyu aka ajiye ƙarƙashin jarkoki, kowane a kan babban faranti. Wanda ya taso ya nufe su, yana gyara hula, Baba ne.

Daga baya ta ce tana bukatar wanda ya san lokacin da mudu ya cika da tozonsa daidai, ba ƙari ba ragi, shi ya sa ta roƙe shi. Baba ya durƙusa. Kafin ya taɓa totuwa ya shafa bakin mudun dama da babban yatsa. Akwai tsaga uku da na yi a wurin da wuƙa tun tuni, don kada ya ɓace mini cikin na mutane. Shekara ashirin yana ganin tsagar nan a rumfata. Bai ɗago ya dube ni ba.

Ya zare. Masara ta sauko, kwanuka biyu suka ɗauki ƙara, ɗaya siririya ɗaya mai kauri, sito yana mayar musu. Na hagu ya cika, tozo ya tashi, Baba ya toshe. Na dama ya ci gaba shi kaɗai. Na ƙirga numfashina, ɗaya, biyu, uku, kafin ya toshe. A kasuwa cikin hayaniya, wannan ba komai ba ne, ƙiftawar ido ce. A lasifika, cikin mutum sama da ɗari da suka yi tsit, sai na ji kamar ba zai ƙare ba.

Aka juye aka sake. Aka kuma sakewa na uku. Malaman makaranta suka fara tafi. Mutanen Kusasu ba su tafa ba.

A nan wasan ya kamata ya ƙare, na ga malamar ta kai hannu za ta kashe na'ura. Sai Baba ya ɗaga mata hannu. Ya juye na hagu a buhu, ya mayar da shi kan faranti ba komai a ciki. Ya ɗauki na dama cike, ya juye a cikinsa sannu a hankali, yana tara tozo da gefen hannu har inda zai iya tsayawa. Sauran ya zubo a kan faranti, ƙwaya ƙwaya, lasifika tana faɗa wa kowa. Ya tattara abin da ya zube, tafi biyu har da ɗoriya, ya zuba a aljihun rigarsa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, amma bakinsa yana kusa da abin ɗaukar magana:

"Wannan tawa ce."

Rabin sito ya fashe da dariya, suna tsammanin cikin wasan ne. Shugaba ya ɗaga kai yana duban rufi. Maƙwabcina ya sunkuyo ta bayan kunnena ya ce, "Alhaji, wannan wasa ya yi ma'ana. Ko na wa ne kwanon?" Na ce masa ya tambayi mai wasan. Na zauna har kowa ya watse, don fita da wuri shi ma magana ce.

Washegari da safe shugaba ya kira ni gefe. Ya ce ba wanda ya kawo masa ƙara, shi kuma ba ya hukunci a kan wasa. Amma yana da kunne. "Kada in sake jin muryar kwanon nan a layina." Na ce ranka ya daɗe, ba za ka sake ji ba.

Ranar kasuwa ta zagayo, ko buhu ɗaya bai zo mini daga Kusasu ba. Ba su kai wa wani ba, ba su dai zo ba. Na gane jira ake yi. Na hau babur da hantsi na tafi, rabona da ƙauyen tun kafin daji ya lalace. Na ɗauki mudun sayarwa, wanda na riga na karɓo daga malamar, a cikin buhu. Na tarar da Baba a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo kamar ba komai.

"Baba, na zo ne a kan kwanon nan."

"Wane kwano, Alhaji? Mai waƙa?"

"Shi."

"Ai mun san yana da ciki. Watanninsa ne ba mu ƙirga ba."

Na ce ni ma ina da abin faɗa. Masarar da ake yayyafa wa ruwa da asuba don ta kumbura, ita ma tana da murya, kuma na sha karɓarta ban ce komai ba. Ya yi murmushi.

"Malamar ma ta faɗa. Ta ɗauki ƙarar ta gidan ƙanena ta ce wannan masarar mura take yi." Ya ajiye fartanyar. "Bugun farko mun yafe, Alhaji, na sana'a ne, kowa da inda yake fakewa. Na biyun fa? Shekarar da muke noma da kunne ɗaya a daji, mu ɗauko abin da muka samu a guje mu kawo maka. Ka ɗauka ban lura ba? Buhun da ya saba ba ni mudu kaza sai ya dawo yana ba ni ƙasa da haka, gona ɗaya, buhu ɗaya, hannu ɗaya. Na yi shiru don ba inda za mu kai. Da aka sami inda za a kai kuma na yi shiru don kai ka zauna lokacin da wasu suka gudu. Amma sani a zuci daban ne. A sa shi a lasifika gaban surukaina, in kuma toshe da hannuna in koma in zauna? Da wane ido za su dube ni?"

Na ciro mudun sayarwa na ajiye a gabansa. Na ce daga yau da shi zan saya da shi zan sayar, kuma a hannunsa zai riƙa kwana, ya zo da shi ranar kasuwa. Ni kuma duk masarar da na zuba na ji ba ta ƙara, zan mayar. Ya juya mudun ya ƙwanƙwasa gindinsa da ɗan yatsa, ya kara a kunne, yana kwaikwayon malamar, har da rufe ido. Ya ce shi zai dawo. Sauran kuwa ba zai ce musu komai ba wannan karon, kowa ya ji da kunnensa.

Malamar ta zo sallama bayan kwana biyu. Ta kawo mini mudun saye a leda, ta ce in zan sayar tana so, akwai inda za ta sake wasan a Kaduna da Legas. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya yi magana a garinmu ya isa, ba sai ya je yawon duniya da ita ba. Ba ta ja ba. Na raka ta tasha, don ina da tambaya ɗaya.

"Malama, tsakaninki da Allah, kin san abin da wutsiyar nan take nufi?"

"Ni sauti nake bi, Alhaji."

"Ba abin da na tambaye ki ba ke nan."

Ta sa jakarta a kan cinya, ta gyara mayafi. Direba ya tada mota. Ta leƙo ta taga ta ce in gaishe da Hajiya, in ce mata rariyarta ta fi ta kakarta daɗi, wai kakar tata har ta rasu gero take aunarwa a ƙofar gida. Motar ta tafi. Na tsaya ina tunanin jikar mai awo da za ta ce ba ta san dalilin da mudu ɗaya yake rigan ɗaya cika ba. Wani lokaci in ce ta sani tun ranar da na bar ta a rumfa. Wani lokaci in tuna yadda ta kai hannu za ta kashe na'ura kafin Baba ya tsayar da ita, in ce a'a. Na kuma binciki maƙwabcina ta hanyoyin da na sani, ban sami inda suka taɓa haɗuwa ba, amma rashin samu ba ya nufin babu.

Ga yadda abin ya tsaya. Cikin gidaje goma sha huɗu, tara sun dawo. Biyar sun koma rumfar maƙwabcina, har da gidan surukin Baba, kuma ban san irin cikin da mudunsa yake da shi ba, ba kuma ni zan faɗa ba. Rumfa tana nan a hannuna. Na tambayi limaminmu yadda ake mayar da abin da ba a san adadinsa ba, ya ce in yi iyakar ƙoƙarina in bar sauran ga Allah. Saboda haka duk farkon damina ina aika irin shuka gidajen nan duka goma sha huɗu. Sha biyu suna karɓa, biyu suna dawo mini da shi a ɗaure yadda na aika. Suna kuwa, 'yan dako suna kirana Alhaji mai wutsiya in na ba da baya, kwanan nan ma sun fara a gabana, ina amsawa. Na sami kunne, yanzu daga zubawar farko nake gane jiƙaƙƙiyar masara ba sai na ciza ba, wannan ya rage mini asarar sito, amma bai kai tafi biyu a kowane mudu ba. Mudun sayen yana tsakar gida, kaji suna shan ruwa a ciki. Maiɗakina ta ce ya fi tsohon kaskonsu riƙe ruwa.